Siyasar Karaye da Rogo gabanin zaɓen 2027

Siyasar Karaye da Rogo gabanin zaɓen 2027 ta ƙunshi manyan al'amuran da ke juya akalar siyasa a ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, cikin lokacin da ya rage kafin babban zaɓen Najeriya na shekarar 2027. Ƙananan hukumomin biyu sun haɗa mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya, sun kuma haɗa masarauta ɗaya mai daraja ta biyu tun daga watan Yulin 2024. Al'amuran da suka fi tasiri a siyasar yankin su ne sauya sheƙa tsakanin jam'iyyu, rikicin masarautun Kano, tsaro a kan iyakar Katsina da Kaduna, tsadar rayuwa da halin da noma yake ciki, 'yancin ƙananan hukumomi, da kuma sauyin dangantaka tsakanin Najeriya da maƙwabtanta na Sahel. Wasu daga cikinsu a Kano suka samo asali, wasu a Abuja, wasu kuma a wajen ƙasar baki ɗaya.

Wuri da jama'a

Karaye da Rogo suna cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna Karaye tana da mutum sama da 140,000, Rogo kuma sama da 220,000. Rogo ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, don haka harkokin kasuwa da auratayya na mutanenta sun shiga cikin waɗannan jihohi kamar yadda suka shiga birnin Kano. Daga cikin garuruwan Rogo akwai Zarewa da Fulatan da Beli da Gwangwan, a Karaye kuma akwai Yammedi da Kwanyawa da Turawa da Tudun Kaya.

Akasarin mazauna yankin Hausawa ne da Fulani, kuma noma da kiwo ne manyan sana'o'insu. Ana noma masara, dawa, gero, shinkafa, waken soya, gyaɗa da rake, sannan a rani ana noman tumatir da albasa da tattasai a bakin ruwa. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, tana cikin ƙaramar hukumar Karaye, kuma tana ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya. A Kusalla, kusa da garin Karaye, sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yake.

Tsarin wakilci

Karaye/Rogo ɗaya ce daga cikin mazaɓun tarayya 24 na Jihar Kano. Kowace daga cikin ƙananan hukumomin biyu tana da kujera ɗaya a Majalisar Dokokin Jiha mai kujeru 40. A Majalisar Dattawa kuwa suna cikin mazaɓar Kano ta Kudu, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi 16, duk da cewa a taswira sun fi kusa da Gwarzo da Kabo, waɗanda ke Kano ta Arewa. Wannan ya sa 'yan siyasar yankin suke hulɗa da ɓangarori biyu: na Rano da Sumaila da Tudun Wada ta fuskar kujerar sanata, da na maƙwabtansu na arewa ta fuskar hanya da kasuwa da tsaro.

Haruna Isa Dederi ne ya ci kujerar Majalisar Wakilai ta mazaɓar a 2019 a ƙarƙashin APC. Daga baya ya koma NNPP, kuma a 2023 ya zama Kwamishinan Shari'a na Jihar Kano. A zaɓen 2023 Abdullahi Sani Rogo na NNPP ne ya ci kujerar. A wannan zaɓen ne kuma Abdurrahman Kawu Sumaila na NNPP ya kayar da Kabiru Ibrahim Gaya, wanda ya riƙe kujerar sanatan Kano ta Kudu tun 2007.

Sauya sheƙa da sabon ƙawance

Zaɓen 2023 ya bar Kano a hannun NNPP, gwamnatin tarayya kuma a hannun APC. A zaɓen shugaban ƙasa Rabi'u Musa Kwankwaso ya samu ƙuri'a 997,279 a jihar, Bola Ahmed Tinubu ya samu 517,341. A zaɓen gwamna Abba Kabir Yusuf ya samu 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Abba a Satumbar 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayanta a Nuwamba, sannan Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa ranar 12 ga Janairun 2024.

Wannan rabon iko bai daɗe a yadda yake ba. A 2025 Sanata Kawu Sumaila da Kabiru Alhassan Rurum na mazaɓar Rano/Bunkure/Kibiya da Abdullahi Sani Rogo sun fice daga NNPP sun koma APC. Ma'ana, kimanin shekara biyu bayan zaɓe, sanatan da ɗan majalisar tarayyar da mutanen Karaye da Rogo suka zaɓa duk sun bar jam'iyyar da aka zaɓe su a cikinta. Sashe na 68 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa kafin ƙarshen wa'adi zai rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta haɗe da wata. Masu sauya sheƙa sukan kafa hujja da wannan togaciya, kuma NNPP ta yi fama da rikicin shugabanci tun 2023.

A watan Janairun 2026 gwamna Abba Kabir Yusuf shi ma ya fice daga NNPP ya koma APC tare da akasarin 'yan majalisar dokokin jihar da shugabannin ƙananan hukumomi, amma Kwankwaso bai bi shi ba. Hakan ya raba tafiyar Kwankwasiyya gida biyu, ya kuma tara tsofaffin abokan hamayya a inuwa guda. A mazaɓa irin Karaye/Rogo, inda waɗanda suka kara da juna a 2023 suka tsinci kansu a jam'iyya ɗaya, zaɓen fidda gwani na iya fin babban zaɓen zafi, domin tikiti ɗaya ne masu nemansa kuma sun ƙaru.

A matakin ƙasa, Abdullahi Umar Ganduje ya sauka daga shugabancin APC a watan Yunin 2025. A farkon Yulin wannan shekara wasu jagororin adawa, ciki har da Atiku Abubakar da Nasir El-Rufa'i da David Mark, suka rungumi jam'iyyar ADC a matsayin dandalin haɗaka. Rasuwar Muhammadu Buhari ranar 13 ga Yulin 2025 ta kawo ƙarshen zamanin da sunan mutum ɗaya yake jan miliyoyin ƙuri'un arewa ba tare da la'akari da ɗan takarar da ke ƙasa ba. Kano tana da masu rajistar zaɓe kusan miliyan 5.9 a 2023, Legas ce kawai ta fi ta, shi ya sa kowace jam'iyya take zawarcinta.

Rikicin masarautu

Karaye tsohon gari ne mai sarauta, kuma tun bayan jihadi Sarkin Karaye yana cikin manyan masu riƙe da ƙasa a ƙarƙashin Sarkin Kano. Batun ɗaga darajar irin waɗannan sarakuna ba sabon abu ba ne. Gwamna Abubakar Rimi ya yi hakan a 1981 ga wasu sarakuna da suka haɗa da na Gaya da Rano da Dutse, Sabo Bakin Zuwo ya soke matakin a 1983.

Ranar 8 ga Mayun 2019 gwamna Ganduje ya sa hannu a dokar da ta ƙirƙiro masarautu huɗu masu daraja ta ɗaya: Bichi, Gaya, Karaye da Rano. Ibrahim Abubakar II ya zama Sarkin Karaye mai sandar yanka, masarautarsa kuma ta haɗa ƙananan hukumomi da dama na yammacin jihar, ciki har da Rogo da Gwarzo da Kabo. Wata babbar kotun jiha ta soke dokar a Nuwambar 2019, majalisa ta sake yin wata a Disamba. Ranar 9 ga Maris 2020 aka tuɓe Muhammadu Sanusi II, aka naɗa Aminu Ado Bayero.

Ranar 23 ga Mayun 2024 gwamna Abba ya sa hannu a dokar da ta rushe tsarin masarautu biyar, ya mayar da Sanusi II kan karaga. A watan Yulin 2024 aka yi wata dokar da ta kafa masarautu uku masu daraja ta biyu a ƙarƙashin Sarkin Kano: Rano, Gaya da Karaye. Sabuwar masarautar Karaye ta taƙaita ga ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, kuma Muhammad Maharaz Karaye, wanda yake Hakimin Rogo kafin lokacin, shi aka naɗa sarki. Taƙaddamar ta shiga kotu: Babbar Kotun Tarayya a Kano ta yi hukunci a Yunin 2024, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a Janairun 2025 kotun tarayya ba ta da hurumi a kan sha'anin sarauta, daga nan maganar ta wuce Kotun Ƙoli.

Ra'ayi ya rabu a kan lamarin. Masu goyon bayan tsarin 2019 suna cewa ya kusanto da sarauta ga talakawa, ya kuma jawo ayyukan hanya da asibiti zuwa hedikwatocin sababbin masarautu. Masu adawa da shi suna cewa an yi shi ne don rage ƙarfin sarki guda, kuma ya tsaga masarautar da ta yi ɗaruruwan shekaru a dunƙule. Abin da ya sa batun ya zama na zaɓe shi ne kundin tsarin mulkin 1999 bai tanadi matsayin sarakuna ba, ya bar su a hannun gwamna da majalisar jiha. Duk gwamnatin da ta zo tana iya sauya dokar. Sauyin kuma ba a fada yake tsayawa ba, yana sauka kan hakimai da dagatai da masu unguwanni, waɗanda ke shaida cinikin gona, rabon gado da sasanta manoma da makiyaya.

Tsaro a kan iyaka

Jihar Kano ta daɗe tana cikin jihohin arewa maso yamma da matsalar 'yan bindiga ba ta yi wa katutu ba, idan aka kwatanta da Zamfara da Katsina da Kaduna da Sakkwato. Amma ƙananan hukumomin yammacinta su ne ƙofar da ke fuskantar waɗannan jihohi, kuma jefi-jefi ana samun rahoton garkuwa da mutane da satar shanu a ƙauyukan kan iyaka. A 2025 al'ummomi da dama a Jihar Katsina sun yi sulhu da 'yan bindiga. A ƙarshen shekarar hare-hare suka ƙaru a ƙananan hukumomin Shanono da Tsanyawa na Kano, kuma mazauna yankin da dama sun danganta hakan da cewa sulhun ya sa maharan sun karkata zuwa inda ba a yi yarjejeniya da su ba.

Wannan ya farfaɗo da muhawarar 'yan sandan jihohi. A yanzu rundunar 'yan sanda ɗaya ce, kuma ikonta yana hannun tarayya, don haka jihohi suka koma kafa rundunonin sa-kai na hukuma. Katsina ta ƙaddamar da tata a Oktoban 2023, Kano ta yi dokar kafa tata a 2025. Masu son 'yan sandan jiha suna cewa ɗan gari ya fi sanin daji da baƙon fuska. Masu tsoron tsarin suna cewa gwamnoni za su iya amfani da su a kan abokan hamayya, suna tuna yadda aka yi amfani da 'yan doka na En'e a kan 'yan NEPU a shekarun 1950. Ga manomi kuwa, maganar tsaro ita ce ko zai iya zuwa gonarsa ta nesa da gari a damina, ko kuma zai bar ta saura.

Tsadar rayuwa da noma

Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka bar kasuwa ta yi wa naira farashi. Litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Dala ɗaya ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024, kafin ta sauya ma'aunin lissafinta a Janairun 2025. Zanga-zangar tsadar rayuwa da ta fara ranar 1 ga Agustan 2024 ta yi ƙarfi a Kano har aka sa dokar hana fita.

A yanki mai noma kamar Karaye da Rogo, tsadar ta zo da fuska biyu. Manomin da yake da rarar hatsi ya ci riba a 2023 da 2024, lokacin da masara da dawa suka yi tsada. Amma injin ban-ruwa da fetur yake aiki, kuɗin motar kai kaya kasuwa ya ninka, takin zamani da maganin feshi kuma suna bin farashin dala. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya faɗi sosai alhali taki bai sauko ba, manoman masara da shinkafa da dama suka koka cewa ba su mayar da kuɗin da suka kashe ba. Wannan ya sa ɗan takara cikin tsaka mai wuya: mai saye a birni yana son abinci ya yi araha, mai nomawa a karkara yana son ya yi daraja, kuma dukansu masu ƙuri'a ne.

Ruwan Challawa ma yana da tasa siyasar. Yawan ruwan da ake saki daga madatsun Challawa da Tiga yana shafar samar da ruwan sha a birnin Kano, da noman rani a Kura da Haɗeja, da fadamun Haɗeja da Nguru a jihohin Jigawa da Yobe. Tunda tarayya ce ke riƙe da madatsar, neman ƙarin hanyoyin ban-ruwa ga garuruwan da ke gefenta aiki ne da ke kan wuyan ɗan majalisar tarayya da sanata fiye da shugaban ƙaramar hukuma.

'Yancin ƙananan hukumomi da neman sabuwar jiha

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma gwamnoni ba su da ikon naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓun shugabanni. Kano ta yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar 26 ga Oktoban 2024 bayan taƙaddama a kotu, NNPP ta lashe kujerun shugabanni 44 duka. Aiwatar da biyan kuɗi kai tsaye ya yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasar, domin asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yana nan a sashe na 162 na kundin tsarin mulki. Batun yana da muhimmanci ga Karaye da Rogo saboda makarantun firamare, asibitocin sha-ka-tafi, kasuwannin ƙauye da ƙananan hanyoyi suna cikin ayyukan da ƙaramar hukuma ke da hannu a cikinsu.

Akwai kuma masu fafutukar ƙirƙiro Jihar Tiga daga kudancin Kano da Jihar Ghari daga arewacinta. Sharuɗɗan sashe na 8 suna da tsauri: goyon bayan kashi biyu cikin uku na wakilan yankin, ƙuri'ar raba gardama, amincewar majalisun jihohi da ta Majalisar Tarayya. Ba a ƙirƙiro jiha ba tun 1996, kuma dukan jihohi 36 a zamanin soja aka yanke su.

Nijar, Sahel da sauran duniya

Karaye da Rogo ba su yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ba, amma hatsinsu da dabbobin da ake saya a kasuwanninsu suna cikin kasuwancin da ya haɗa Kano da Katsina da Maraɗi, musamman ta kasuwar Dawanau. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarki. Sanatocin arewa da malamai da sarakuna sun nuna adawa da amfani da ƙarfin soja. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar da Mali da Burkina Faso, waɗanda suka kafa ƙawancen AES a Satumbar 2023, sun kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disambar 2023, na Amurka a 2024, ƙasashen uku kuma suka ƙara kusantar Rasha. A Maris 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. Raunin haɗin kai a kan iyaka yana sauƙaƙa safarar makamai zuwa dazukan arewa maso yamma.

Daga nesa ma akwai abin da ke isowa. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya ɗaga farashin taki da alkama a duniya. Dakatar da akasarin tallafin ƙetare da gwamnatin Amurka ta yi a farkon 2025 ya shafi shirye-shiryen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da tamowa a arewacin Najeriya. A Janairun 2025 Najeriya ta zama abokiyar hulɗar ƙungiyar BRICS. A ƙarshen Oktoban 2025 shugaba Donald Trump ya sake sanya Najeriya cikin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, zargin da gwamnatin Najeriya ta musanta, kuma ranar 25 ga Disamba Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato, wanda gwamnatin tarayya ta ce da haɗin kanta aka yi.

Gudanar da zaɓe

Zaɓen 2027 shi ne babban zaɓe na farko a ƙarƙashin Farfesa Joash Amupitan, wanda ya gaji Farfesa Mahmood Yakubu a shugabancin hukumar INEC a Oktoban 2025. A 2023 an yi amfani da na'urar BVAS wajen tantance masu zaɓe, amma jinkirin ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a intanet ya jawo ƙorafi, kuma kusan kashi 27 cikin ɗari ne kawai na masu rajista suka fito, adadi mafi ƙaranci tun 1999. A karkara irin Karaye da Rogo, abubuwan da suka fi shafar fitowar jama'a su ne karɓar katin zaɓe, nisan rumfa daga ƙauye, ƙarfin sadarwa da na'urar ke buƙata wajen tura sakamako, tsaron hanya, da sayen ƙuri'a, wanda dokar zaɓe ta haramta amma talauci ke ƙara masa kasuwa. Rediyo har yanzu shi ne babban dandalin siyasa a Kano, inda sojojin baka ke kare iyayen gidansu, sai dai Facebook da TikTok da WhatsApp sun zama hanyar da matasa suka fi samun labari, na gaskiya da na ƙarya.